Ciwon suga na masu juna biyu: Me jinin watannin farko zai iya faɗa miki?

Idan ke amarya ce, ko kina shirin shiga daga ciki, akwai wata cuta da ba a cika yayata ta a TikTok ba, amma tana nan a ɗakunan awo. Ita ce ciwon suga da ke bayyana a lokacin goyon ciki, ko da mace ba ta taɓa yin sa ba a rayuwarta. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa a kusan ɗaya cikin kowace haihuwa 6, sukarin jinin uwa ya hau lokacin da take da ciki.

Abin da ya sa yake da haɗari shi ne yawanci ba ya nuna alama. Kina cin abincinki, kina harkokinki, shi kuma yana aikinsa a ɓoye.

To daga ina yake fitowa? Daga sinadaran jiki da ake kira homon. Akwai rukuni guda a cikinsu mai suna sitiroyid, waɗanda jiki ke ƙerawa daga kwalastarol: furojestaron, estirojin, kotisol da testostaron. Yayin da ciki ke girma, mabiyiya na samar da furojestaron da estirojin da yawa, kotisol ma yana ƙaruwa. Furojestaron da kotisol, tare da wasu homon na mabiyiya, suna rage wa insulin ƙarfi, shi kuwa insulin shi ne ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka. Hikimar ita ce a bar wa jariri isasshen abinci. Jikin mafi yawan mata yana ƙara yawan insulin don ya cike giɓin. Wadda nata ya gaza, sai sukari ya taru.

Wannan jayayya tana tsananta ne a rabin ciki na biyu. Shi ya sa ake yin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28. Za ki je da safe ba ki ci komai ba, a ɗebi jini, a ba ki ruwa mai ɗauke da giram 75 na gulukos ki sha, sannan a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, idan sakamakon farko ya kai 5.1, ko na biyu ya kai 10.0, ko na uku ya kai 8.5, to akwai ciwon.

Amma fa lura, mako na 24 kusan wata shida ke nan. Masana na ganin an makara, domin a lokacin jariri ya riga ya daɗe yana samun sukarin da ya fi ƙarfin buƙatarsa. Saboda haka suke neman alamar da za a gani a jini tun watanni ukun farko. A nan ne homon suka shigo. Bincike da dama sun nuna cewa matan da ke da ƙarancin wani furotin da hanta ke samarwa, mai suna SHBG, wanda ke riƙe testostaron da estirojin a cikin jini, sun fi fuskantar ciwon daga baya. Haka ma masu lalurar PCOS, wadda kan zo da yawan testostaron, rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa.

Sai dai har yanzu awon homon bai zama gwajin da ya maye gurbin na gulukos ba. Don haka idan wani ya tallata miki "gwajin homon" a Instagram yana cewa zai gaya miki makomarki, ki riƙe kuɗinki.

Abin da likita ke hasashe da shi a yau yana bakinki, kuma kyauta ne. Akwai mai ciwon suga cikin iyayenki ko 'yan uwanki na jini? Kina da ƙiba sosai? Kin taɓa haifar jaririn da ya kai kilo 4 ko fiye? Kin yi ciwon a cikin baya? Idan amsar ɗaya daga ciki e ce, ki faɗa tun ranar awon farko, domin ana iya yi miki gwaji da wuri.

Akwai kuma sitiroyid ɗin da muke sayowa da kuɗinmu. Wasu ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira "sha ka fashe" suna ɗauke da dekzametason, wasu mayukan bilicin kuma akwai kulobetasol ko betametason a ciki. Duk dangin kotisol ne, kuma suna iya ɗaga sukarin jini. Idan kin daɗe kina shan ƙwayar, kada ki yanke ta lokaci guda, yin hakan na da nasa haɗarin. Ki ɗauki kwalin ki nuna wa likita, ba abin kunya ba ne. Wanda likita ya rubuta da kansa, kamar allurar da ake yi don ƙarfafa huhun jaririn da ake tsoron zai zo bakwaini, wannan daban ne, ana yin sa ne ana lura da sukarinki.

Idan aka bar ciwon, jariri na iya girma fiye da ƙima, naƙuda ta yi tsawo, kafaɗarsa ta maƙale ko a kai ga tiyata. Uwa kuma na iya samun hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Idan aka gano shi kuwa, mata da yawa na shawo kansa da gyaran abinci da tattaki bayan cin abinci: a rage lemon kwalba da shayi mai sukari, a rage malmalar tuwo, a ƙara wake, ganye da ƙwai. Wasu sai an haɗa musu da magani ko allurar insulin.

Bayan haihuwa yakan tafi, amma wadda ta yi shi ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin nan gaba. Don haka idan an gama wankan jego, ki koma a sake gwada ki.

Kai kuma ango, naka aikin shi ne kuɗin mota da na gwaji, da kuma rakiya. Kada ka bari sai ciki ya fito sannan a fara zuwa awo.