Hancin Murhu

Kowane yaro ya san murhu. A gidajenmu da yawa duwatsu uku a ke girkewa, a ɗora tukunya bisa, a tura itace ta tsakaninsu. Waɗansu gidaje da kurfoti su ke girki, waɗansu kuwa da risho. Amma akwai wani irin murhu na ƙarfe, mai kama da akwati, wanda tsayinsa ya kai ƙugun babban mutum. A bisansa akwai kawuna, galibi guda huɗu, inda a ke ɗora tukwane. A cikinsa kuma akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofa, inda a ke gasa burodi da nama. Wannan ɗan ɗaki shi ne tanderu, matan yanzu kuwa su kan ce da shi obin. Wani murhun da gas ya ke aiki, wani da lantarki. Cikin waɗanda suka fara ƙera na gas akwai wani Bature, James Sharp, mutumin garin Northampton a ƙasar Ingila. A shekarar 1826 ya sami takardar shaidar ƙirarsa, a 1836 kuma ya buɗe masana'antar yinsa.

In akwai irin wannan murhu a gidanku, ko a gidan wani ɗan'uwanku, ku duba bayan kawunan nan, can wajen bango, sa'ad da ba a girki. A yawancinsu za ku ga jerin waɗansu 'yan kafofi, dogaye, sirara, kamar an tsattsaga ƙarfen da wuƙa. Sau da yawa mai girki tana cikin juya shinkafa, ko tana kwashe wake, sai ta ga ɗan abinci ya kuɓuce daga ludayi, ya faɗa cikin kafofin nan, ya ɓace. To, ina ya tafi? Kuma mene ne amfanin kafofin tun asali?

Kafin mu amsa, sai mu tuna da halin wuta. Wuta ba ta ci sai da iska. Shi ya sa maƙeri ya ke zuga, shi ya sa kuma mace ta ke sa mafici ta fita garwashi. Ba dukan iska wuta ta ke bukata ba, wani sashe ne nata wanda masana su ke kira oksijin. In an raba iskar da mu ke shaƙa kashi 100, wajen kashi 21 oksijin ne. Abu na biyu da za mu tuna shi ne, iska in ta yi zafi ta kan yi rashin nauyi, sai ta tashi sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Don haka hayaƙi ya ke yin sama koyaushe. Kakanninmu sun gane wannan tun da daɗewa. Ku dubi murhun duwatsu, ai ba a toshe tsakanin duwatsun. Ku dubi kurfoti, akwai huda a ƙarƙashin gawayin. Ku dubi kuma tanderun ƙasa da a ke gasa gurasa a Kano, yana da baki a sama inda zafi da hayaƙi su ke fita.

Haka tanderun gas ya ke. Wutarsa tana ƙasa. Iska ta kan shigo ta gindi, wuta ta zafafa ta, ta tashi ta kewaye abin da a ke gasawa. Zafin nan ba kaɗan ba ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, burodi kuwa a kan gasa shi a wajen digiri 200. Bayan iskar ta gama aikinta, tilas ta sami hanyar fita, ita da tururin da ya fito daga abinci, domin sabuwa ta shigo. Sai maƙera suka yi mata wani bututu daga rufin tanderu zuwa bayan murhu. Bakin wannan bututu shi ne kafofin da kuka gani. Watau kafofin nan su ne hancin murhu. Tanderun lantarki ba shi da harshen wuta, amma shi ma yana da irin wannan hanci, don tururi da hayaƙin gashi su sami mafita.

Kun ga ke nan abincin da ya faɗa kafofin nan bai ɓace ba. Wani ya kan gangara ta bututu ya sauka kusa da rufin tanderu, wani ya maƙale inda bututun ya lanƙwasa. Abin da zai same shi kuwa ya danganta ga irinsa.

In busasshen abu ne ƙarami, kamar ƙwayar shinkafa ko ɓurɓushin burodi, ba abin tayar da hankali ba ne. Ranar da aka kunna tanderu zafi zai ƙone shi, a ji ɗan ƙauri, ya zama toka, shi ke nan. Amma in abu ne mai maiƙo ko mai ruwa, kamar miya, ko madara, ko yankan nama, to, wannan wani al'amari ne. In ba a kunna tanderun ba, sai ya ruɓe a ciki, ɗakin girki ya ɗauki wari, a yi ta neman inda warin ya ke fitowa a rasa. Kiyashi da kyankyasai kuwa ba su rasawa. Su kan bi ƙanshin su shiga, ɓeraye su biyo baya. Tsakanin bangon tanderu da ƙarfen waje akwai wani abu mai laushi kamar auduga, wanda aka cusa don ya tsare zafi. Ɓera yana son yin sheƙa a cikinsa, har ya kan gaigaye wayoyin lantarki da ke kusa. In kuwa aka kunna tanderun, sai maiƙon ya yi ta hayaƙi, burodi ya fito da warin ƙuna. Maiƙon da ya daɗe yana taruwa ya kan kama da wuta.

Akwai wani haɗari da ya fi waɗannan duka, shi ne toshewar kafofin. Ku toshe hancinku da yatsa ku ji yadda numfashi ya ke yi muku wuya. Haka wutar gas ta ke. In tana samun iska isasshiya, harshenta shuɗi ne. In iska ta kasa, sai harshen ya koma rawaya, ya riƙa yin baƙi, kuma ya fid da wata muguwar iska da a ke kira kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, mutum ba ya sanin yana shaƙarta. Ta kan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, in ta yi yawa ta kan kashe mutum. Ita ce iskar da ta ke halaka waɗanda suka shiga ɗaki da garwashi lokacin ɗari suka rufe ƙofa da taga, ko waɗanda suka kunna janareto cikin ɗaki suka kwanta.

Saboda haka ku lura da wannan ƙwarai. Wani in ya ga abinci yana yawan faɗawa, sai ya ce bari ya yi dabara, ya rufe kafofin da faranti, ko tsumma, ko takardar alminiyam. Wannan ita ce dabarar da ta fi ɓarna. Ya yi gudun ƙwayar shinkafa, ya jawo wa gidansu cuta. Tsumma ya kan kama da wuta, cokalin roba da leda su kan narke, gama iskar da ke fitowa ta nan tana iya ƙona hannu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To, in abinci ya faɗa, me ya kamata yaro ya yi? Abu na fari, ya gaya wa babba nan da nan. Kada ya ɓoye don tsoron faɗa. Gara a yi masa faɗa yau da a tashi da gobara gobe. Kada ya zura yatsa, kada ya tsokana da waya ko tsinke, domin sau da yawa ƙara tura abincin ciki zai yi. Kada kuma ya zuba ruwa wai don ya wanke, gama ruwan zai bi bututu ya jiƙa abin tsare zafin nan, ya sa tsatsa, in kuwa ya taɓa wayar lantarki ya zama haɗari.

Aikin fid da abincin na manya ne. Za su kashe wuta, su rufe tukunyar gas, su zare wayar murhun daga bango in yana da ita, sa'an nan su jira ya huce sarai. Daga nan a haska da tocila. In ana hangen abin, a ciro shi da hantsaki, ko a zuƙe shi da na'urar zuƙe ƙura. A waɗansu murhuna marfin kafofin yana ciruwa, sai a ɗauke shi a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe kafin a mayar. In abin ya yi nisa, ko miya ce mai yawa ta kwarara, ko kuwa wari da hayaƙi suka ƙi ƙarewa, sai a kira mai gyara wanda ya san aikin. Matambayi ba ya ɓata.

Amma rigakafi ya fi magani. Kada a cika tukunya har baki, domin in ta tafasa za ta yi bori. In ta fara tafasa a rage wuta. Talge da miya masu fantsama a dafa su a kawunan gaba, nesa da kafofin. In za a kwashe abinci, a kawo kwano kusa da tukunya, kada a ratsa da ludayi ta bisa kafofin. Bayan an gama girki, murhu ya huce, a share shi, a riƙa jawo ɓurɓushi gaba, kada a tura shi baya. Taga kuwa a bar ta a buɗe muddin ana girki.

Yara, kafofin nan ƙanana ne, mutum ya kan yi shekara yana girki bai kula da su ba. Amma wanda ya ƙera murhun bai huda su a banza ba. Ku kiyaye su da tsabta, ku bar su a buɗe, murhu ya yi numfashi, ku ma ku yi naku lafiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa iska mai zafi ta ke tashi sama?
2. Don me aka kira kafofin bayan murhu hancin murhu?
3. Wane launi ne harshen wutar gas in tana samun iska isasshiya?
4. Faɗi abu uku da bai kamata yaro ya yi ba in abinci ya faɗa cikin kafofin.
5. Duba murhun gidanku, ka bayyana ta inda iska ta ke shiga da ta inda hayaƙi ya ke fita.