Muhimmancin Zanen Gwaji Wajen Tsara Hotunan Littattafan Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, tsakanin 1937 da 1939, hoto ya zama abokin tafiyar rubutu a littattafan Hausa na boko. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da na NNPC da ya biyo baya a 1966, sun ɗora a kan wannan turba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana matakin farko na aikin mai zane, watau zanen gwaji, da dalilin da ya sa ya kamata marubuci ya sa ido a kansa.

2.0 Ma'anar Zanen Gwaji

Zanen gwaji shi ne ɗan ƙaramin zane na fensir wanda bai fi girman kwalin ashana ba. Turawa suna kiransa da sunan farcen babban yatsa saboda ƙanƙantarsa. Ba a fitar da ido ko hanci a cikinsa. Abin da ake nema shi ne inda mutum zai tsaya, da inda haske da duhu za su faɗa, da filin da za a bar wa rubutu. A cikin 'yan mintoci mai zane yakan gwada siga biyar ko shida, sa'an nan ya zaɓi ɗaya.

Hikimar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kafin maɗinki ya soka allura a babbar riga, sai mai zane ya fitar masa da aska takwas da tambari da alƙalami, domin gyaran tawada ya fi warwarar zare sauƙi.

3.0 Amfaninsa

Na farko, tsarin shafuka. Maɗaba'a takan buga littafi a kan manyan takardu da ake ninkewa su ba da shafi 8 ko 16 ko 32, shi ya sa littafin yara mai hotuna yakan zama shafi 32. Idan aka jera zanen gwajin dukan shafukan a takarda guda, nan take za a ga inda labari ya yi jinkiri, da inda hoto ya tona asirin abin da ya kamata yaro ya tarar bayan ya buɗe shafi na gaba, da inda fuskar tauraro za ta nutse a tsakiyar littafi wurin ɗinki.

Na biyu, alƙiblar karatu. Boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, ajami kuwa daga dama zuwa hagu. Saboda haka idan Gizo zai fita yawo a littafin boko, gara ya fuskanci dama, domin idon mai karatu ya bi shi. A littafin ajami sai a juya shi.

Na uku, wanda ya fi shafar manazarcin Hausa, shi ne amincin al'ada. Alal misali, a ce wani malami a Tsafe ya rubuta wa 'yan firamare labarin manomin da ya ɗauko auduga daga ƙasar Bungudu zuwa Gusau, jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa garin. Mai zanen da bai san ƙasar ba yana iya ɗora kayan a kan doki maimakon jaki, ko ya mai da dutsen Kwatarkwashi ɗan tudu, ko ya zana rumbun wata ƙabila dabam. Duk waɗannan siffofi ne da ake ganewa a zanen gwaji, kuma gyaransu bai wuce a goge a sake ba. In kuwa an riga an buga dubban kofe, bakin alƙalami ya bushe, ga shi yaro yakan gaskata hoto tun kafin ya iya haɗa baƙi da wasali.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya kamata marubuci ya nemi ganin zanen gwaji kafin a shiga cikakken zane. Haka kuma yana da kyau masu koyar da adabin yara a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da kwalejojin ilimi na Jihar Zamfara, su nuna wa ɗalibai wannan mataki a aikace. Daɗa, ya dace a riƙa adana waɗannan zane-zane tare da daftarin marubuci, domin su ne shaidar yadda aka yi shawara kafin littafi ya kai hannun mai karatu.