Hodar da ke shan ruwa: abin da lissafi ya ce kafin manomi ya saya

A Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana, da ƙauyukan Batsari da ke bakin dajin Rugu, manomi ya san fargabar ruwan farko. Ana shuka gero bayan ruwan Yuni, sai sama ta ɗauke na mako biyu ko uku. Jigawa ba ta riƙe laima, tsiro ya ƙone, a sake sayen iri. Shi ya sa tallan wata hoda da ke yawo a intanet yake jan hankali: wai a zuba ta a ramin shuka, ta shanye ruwa ninkin nauyinta sau ɗaruruwa, ta riƙa sakar wa saiwa kaɗan-kaɗan.

Sunanta haidirojel, kuma danginta ne ke cikin kunzugun jarirai na zamani. Ba ƙarya ba ne tana shan ruwa. Abin tambaya shi ne nawa za ta sha a cikin ƙasar gona, kuma masana sun daɗe da sa wannan a lissafi.

Haidirojel dogayen zaruruwa ne da aka ƙulla da juna kamar ragar kamun kifi. Ruwa na kutsawa cikin ragar, tana buɗewa, amma ƙulle-ƙullen suna ja da baya kamar roba. A 1943 Paul Flory da John Rehner na Amurka suka tsara lissafin wannan ja-in-ja: kumburi yana tsayawa ne daidai inda ƙarfin shigar ruwa ya yi kunnen doki da ƙarfin ragar. Idan ƙulli ya yi yawa, hoda ba ta sha sosai. Idan ya yi kaɗan, sai ta sha da yawa amma ta yi laɓe-laɓe. Flory ya samu kyautar Nobel a 1974.

Sai batun gishiri. Zaruruwan suna ɗauke da cajin lantarki, wanda ke ƙara janyo ruwa muddin ruwan waje ba shi da gishiri kamar na ciki. Hodar da ta sha ninki ɗaruruwa a tataccen ruwa takan tsaya a 'yan gommai a ruwan gishiri. Takin NPK gishiri ne a idon wannan lissafi, haka ma sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan wasu rijiyoyi. Ga kuma nauyin ƙasa da ke danne ta. Don haka adadin da ke jikin leda na kwalbar gwaji ne, ba na gona ba.

Lokaci ma yana da ƙa'ida. A 1979 Toyoichi Tanaka da David Fillmore na jami'ar MIT suka nuna cewa idan faɗin ƙwaya ya ninka biyu, lokacin kumburarta yana ninka huɗu. Ƙwayar da ke cika a minti 10, mai ninkin faɗinta sai ta yi minti 40. A jigawa, inda ruwa ke zurarewa ƙasa da sauri, manyan ƙwayoyi na iya rasa rabonsu. Duk mai jiƙa wake don ƙosai ta san haka: ɓarzajje ya fi gudan wake saurin jiƙa.

Jikin ɗan Adam ma a kan wannan ma'auni yake. Guringuntsin gwiwa yana riƙe ruwa da irin wannan cajin, shi ya sa yake ɗaukar nauyi. Tun 1896 Ernest Starling na Ingila ya bayyana yadda bugun jini ke tura ruwa waje daga ƙananan jijiyoyi, furotin ɗin jini kuma yana jawo shi ciki. Ƙarancin wannan furotin na cikin abubuwan da ke kawo kumburin ƙafa ga yaro mai tamowa. Ma'aikatan lafiya suna danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbi ya zauna a duka biyun, yaron na buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ga manomin da ke son gwadawa, kofi biyu sun isa. A zuba hoda daidai wa daida, ɗaya da ruwan sama, ɗaya da ruwan rijiya da ɗan NPK, a duba bayan awa ɗaya. Kada a farke kunzugu a zuba a gona, domin nasa na sodiyam ne, yana iya ƙara wa ƙasa gishiri. Na noma yawanci da fotasiyam ake yin sa. A fara da kunya biyu ko uku kusa da waɗanda aka sa wa takin gida, a kwatanta su idan fari ya zo.