Gwangwanin Gawayi Mai Tsare Tururin Fetur

Mai karatu ya sani, fetur ba ya zama wuri ɗaya. Ko mota tana tsaye, inji a kashe, in rana ta doke ta sai man da ke cikin tanki ya riƙa tashi tururi. A da, ta murfin tanki yake fita ya bi iska. Hasara biyu ke nan: man da aka saya ya salwanta, iskar shaƙa kuma ta gurɓace.

A birnin Los Angeles na Amurka abin ya tsananta. Wani masani, Arie Haagen-Smit, ya bayyana a farkon shekarun 1950 cewa irin wannan tururi da hayaƙin mota, in hasken rana ya sauka a kansu, su ne ke zama hazo mai sa ido yaji. Saboda haka jihar Kalifoniya ta wajabta tsare tururin a motocin 1970, sauran ƙasar ta bi a 1971.

Ga yadda hikimar take. An toshe tanki, aka ja siririn tiyo daga gare shi zuwa wani gwangwani cike da gawayi, wanda aka gasa har ya yi ƙofofi ƙanana ba iyaka. Tururi in ya shiga sai ya manne a jikin gawayin. Sa'ad da inji ya tashi ya ɗau zafi, sai wani bawul ya buɗe, inji ya zuƙo iska ta cikin gwangwanin, ta kwashe tururin ta kai shi inda zai ƙone. Gawayi ya wofinta, ya koma jiran wani. Daga 1996 kuwa, motocin Amurka suka fara binciken kansu: in tiyo ya tsage ko murfi bai ɗauru ba, sai fitilar inji ta kama a gaban direba.

To, abin lura shi ne, don tururi aka yi gwangwanin nan, ba don ruwan mai ba. Direban da famfon gidan mai ya tsaya da kansa, amma ya ce a ƙara, har a jijjiga mota don tanki ya cika maƙil, yana iya tura mai cikin gawayin ya jiƙe. Daga nan sai warin fetur, da wuyar tashi bayan shan mai, da kuɗin bakanike. In famfo ya tsaya, a tsaya, a ɗaure murfi sosai. Iyakar abin ke nan.