Kafin Ka Ci Bashi Don Tsohuwar Fijo

Akwai motar da ake saya don ta kai yara makaranta ko ta ɗauko kaya daga kasuwa, akwai kuma wadda ake saya don kawai rai yana sonta. Ta biyun ita ce motar sha'awa: tsohuwar Peugeot 504 da kowa ya sani da Fijo, ko Marsandin shekarun 1980, ko Volkswagen Beetle mai ƙusumbi da inji a baya. Mai irin wannan mota yakan wanke ta da hannunsa ranar Asabar, ya zaga gari da ita bayan la'asar, ya yi mako uku yana neman fitilar baya ta asali bai gaji ba. Ba abin mamaki ba ne Fijo ta fi zama a zukatan mutanenmu. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Wanda ya tashi yana ganin babansa ko shugaban makarantarsu a cikinta, idan ya girma ya so ya mallaki guda, babu wanda zai ga laifinsa. Inda ake samun matsala shi ne hanyar biyan kuɗinta, domin mai sha'awa ba ya son jira, masu ba da rance kuwa sun fi kowa sanin haka.

A fara da abin da ya raba bashin motar sha'awa da sauran basussuka. Wanda ya karɓi adaidaita sahu ko motar haya bashi, abin hawan ne ke fita kullum ya nemo kuɗin da za a biya. Motar sha'awa ba ta kawo ko sisi, sai dai ta ci. Duk naira ɗaya da za a biya mai bashi daga albashi ko ribar shago za ta fito, wato daga aljihun da cefane da kuɗin makaranta ke fitowa. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. Mutum ya ranci naira miliyan 3 a kan ruwan kashi 30 cikin ɗari a shekara, zai biya cikin shekara uku. Wannan ruwa ba zuzutawa ba ce, tunda Babban Bankin Nijeriya da kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba wa mutum ɗaya. Abin da zai riƙa biya duk wata ya kai wajen naira 127,000, jimillar kuwa ta haura miliyan 4 da rabi. To ga abin lura: mutumin da zai iya fitar da 127,000 duk wata ya ba banki, idan kansa ya riƙa ba wa, cikin wata 24 ya haɗa miliyan 3 cif. Da bashi zai yi wata 36 yana biya, ya kuma yi asarar fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuɗin da ya isa a sauke inji a sake fenti. Ga Musulmi kuma maganar riba ce, wadda hukuncinta bai ɓoyu ga kowa ba.

Mai ja zai ce wannan lissafi ya manta da tsadar rayuwa, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 a ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya zuba kuɗinsa a asusun ƙasa a wancan lokaci, yana tarawa mota tana gudu. Ashe ba gara a ci bashi a kama ta yau ba? Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, bashi yana sauƙi a lokacin tsada ne ga wanda samunsa ke tashi tare da farashi, albashin yawancin ma'aikata kuwa tsaye yake, sai ya zama cefane ya ninka, kuɗin banki na nan daram, an matse shi ta gaba da baya. Ta biyu, motar da ke bin dala sau da ƙafa ita ce 'yar Beljiyam da ake shigowa da ita yanzu. Tsohuwar Fijo ko Marsandi ta yi shekara talatin ko arba'in a cikin ƙasa, tana fake a garejin wani dattijo ko a hannun magada da ke son a raba gado. Farashinta ciniki ne tsakanin mutum biyu, kuma mai kuɗi a hannu shi ke da baki. Abin da tsada ke koyarwa shi ne a riƙa sake duba farashi duk bayan wata uku, a ɗora wani abu a kan adadin da ake hari, a kuma kula da inda ake ajiye kuɗin.

Adadin da ake hari ɗin nan shi ne wurin da mutane suka fi yaudarar kansu. Kuɗin da dillali ya faɗa somin taɓi ne. Akwai la'adarsa, akwai canjin takardun mallaka da lasin, akwai inshora, wadda mafi ƙarancinta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Sai babban, wato gyara. Motar da ta daɗe a ajiye tana buƙatar tayu da batir da birki tun kafin ta taka titi, robobinta sun bushe, lagiretonta ya toshe, kafiretarta tana shan mai kamar ana zubarwa, a ƙasar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a Mayun 2023 ta haura 1,000 a 2024. Inji ana gyara shi, amma tsatsar da ta ci ƙasan mota rami ce mara gindi. Saboda haka kafin a fara tara ko kwabo, a ware rana a je wurin bakaniken da ya ƙware a irin motar, a shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a tambayi farashin kayanta ɗaya bayan ɗaya, a rubuta. A nan ne ma ake samun saurin farko wajen cika kuɗin. Wanda ya gane cewa kayan Fijo sun fi na wata ƙirar samuwa a garinsu, ko ya haƙura da mai ƙyallin fenti ya nemi mai lafiyayyen jiki da zai gyara a hankali, ya rage wa kansa watanni tun bai fara zubi ba.

Sauri na biyu, kuma mafi girma, yana cikin yawan abin da ake zubawa duk wata. Mutane sukan ɓata lokaci suna neman inda kuɗinsu zai haihu da yawa, alhali a tarin shekara biyu ko uku haihuwar ba ta taka kara ta karya ba. Koma ga miliyan 3 ɗin nan. Mai ajiye naira 100,000 a wata zai kai cikin wata 30. Idan ya samu halastacciyar ajiya mai ba shi kashi 15 cikin ɗari a shekara, zai kai cikin wajen wata 26, ya rage huɗu ke nan. Idan kuwa ya ɗaga zubinsa zuwa 150,000 ba tare da ribar ko anini ba, wata 20 ya gama, ya rage goma. Daga ina ƙarin zai fito? Da farko a cire kuɗin ranar da albashi ya shigo ko ranar da aka rufe lissafin mako a shago, a umarci banki ya riƙa tura shi kai tsaye zuwa wani asusu daban wanda ba shi da katin cirewa kuma ba ya cikin waya. Wanda ya ce zai ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata, babu abin da zai rage. Sannan duk kuɗin da ya faɗo ba zato, kamar bashin albashi da aka biya, alawus na tafiya ko ribar wani ciniki na gefe, a tura shi can gaba ɗaya kafin ido ya saba da shi. A duba gida kuma: babur da aka daina hawa, janareto na biyu, wayar da aka canza, duk kuɗi ne a kwance suna lalacewa. Sauran yana cikin abubuwan da aka saba raina su, ankon kowane biki, liƙi don a gani, sabuwar waya duk shekara. Sha'awa ɗaya ake sayarwa a sayi wata, kuma wanda ba zai iya barin waɗancan ba, ya gane wa kansa cewa son motar bai kai inda yake zato ba. Iyaka ɗaya ce ba a tsallakewa: abincin gida, kuɗin makaranta, magani da abin da aka saba yi wa iyaye ba sa cikin abin da ake tsukewa. Kuma a fara tanadar kuɗin ko-ta-kwana na 'yan watanni a gefe, in ba haka ba zazzaɓi ɗaya zai fasa asusun.

Wurin ajiya bai kamata ya zama abin caca ba. Bankin da ke ƙarƙashin hukumar inshorar ajiya ta NDIC ya fi ƙarƙashin katifa, kuma tun 2024 hukumar ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci zuwa naira miliyan 5, a ƙananan bankuna kuma miliyan 2. Soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024 ya nuna cewa sanin wannan iyaka ba ɓata lokaci ba ne. Mai gudun riba yana da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus, masu ajiyar da ake raba ribar kasuwanci. Sukuk na gwamnatin tarayya, da aka fara fitarwa a 2017, halas ne a wurin malaman da suka duba shi, sai dai wa'adinsa shekara bakwai ne ko goma, ya yi wa mai son mota nisa. Masu sayen dala a kasuwar canji ta Wapa su tuna ta kusa kai naira 1,900 a kasuwar bayan fage a Fabrairun 2024, ta faɗo ƙasa da 1,200 cikin Afrilu. Masu ɓoye hatsi ma sun ga yadda farashin masara ya karye a 2025. Kiwon rago da ajiyar hatsi sana'o'i ne masu riba ga wanda ya iya, amma a hannun ɗan koyo hanya ce ta mayar da kuɗin mota dusa. A tuna kuma da zakka: kuɗin da ya kai nisabi ya shekara a ajiye ana fitar masa da ɗaya cikin arba'in, ko da mota aka yi niyyar saya da shi.

Mafi haɗari su ne masu alƙawarin ninka kuɗi. MMM ta yi wa 'yan Nijeriya alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. CBEX ta zo da sabon suna da maganar kuɗin intanet, ta rushe a Afrilun 2025. Mai tara kuɗin mota shi ne abincinsu, domin yana da dunƙulallen kuɗi kuma yana da gaggawa. Haka manhajojin rance na waya, masu ruwan da ake lissafawa a mako, waɗanda in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa surukanka da abokan aikinka saƙon tozarci.

Saura bashin da ba ya amsa sunansa. Adashi hanya ce mai kyau, domin kunyar uwar adashi da abokan zubi tana tilasta wa mutum abin da ba zai tilasta wa kansa ba. Amma wanda ya yi ɗaukar farko bashi ya ci, ko da babu ruwa a kai, zai yi wata goma yana zubi ga mota tana neman gyara. Mai son mota ya nemi ɗaukar ƙarshe ko kusa da ita, a cikin mutanen da ya san gidajensu. Haka cinikin murabaha, inda banki ke sayen mota ya sayar maka da ƙarin riba ka biya a hankali: ya kuɓuta daga riba, bai kuɓuta daga zama bashi a wuya ba. Haka ba da kafin alƙalami a kan motar da ba ka da cikon kuɗinta, wanda ke tura mutum rance wurin 'yan'uwa don kada abin da ya bayar ya salwanta. Za a ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma ana ɗaukarsa ne don asibiti, ko jari, ko rufin ɗaki kafin damina, kuma wanda ya ƙarar da mutuncinsa wurin rancen abin wasa zai sami ƙofofi a rufe ranar da buƙata ta gaske ta zo.

Wasu kuma sukan lallashi kansu da cewa tsohuwar mota kadara ce, darajarta hawa take yi. A Turai da Amurka akwai kasuwar gwanjon irin waɗannan motoci, kuma 'yan ƙalilan daga cikinsu suna tsada sosai. A nan masu saye kaɗan ne, kuma da wuya wanda ya gyara tsohuwar mota ya mayar da abin da ya kashe idan ya tashi sayarwa. A saye ta don daɗinta, a lissafa kuɗin a matsayin wanda aka kashe. Motar da kake hange yau za ta iya kuɓucewa kafin ka gama tari, sai dai Kaduna ta yi shekara talatin tana fitar da 504, wata za ta fito. Ranar da kuɗin saye da na gyara suka cika, ka tafi da bakanikenka, ba na mai mota ba, ku leƙa ƙarƙashinta da fitila, ku gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardu, kuma kada ka biya sai a gaban shaidu da rubutacciyar yarjejeniya.