Ramin Zinariya da Injin Janiba: Farauta Ɗaya ta Ƙofa Biyu

Tun a shekarar 1933 wani masanin taurari, Fritz Zwicky, ya lura cewa wasu gungun taurari suna gudun da ya kamata a ce ya tarwatsa su, amma ba su tarwatse ba. Vera Rubin ta ƙarfafa wannan magana a shekarun 1970. Watau akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi da yake riƙe da su, wanda ba ya haske, ido kuma ba ya ganinsa. Masana sun ƙiyasta ya ninka duk abin da ake gani wajen sau 5, har yau kuwa ba wanda ya kama ko ƙwayarsa ɗaya.

Daga cikin amsoshin da aka kawo akwai ka'idar tagwaye, wadda Wess da Zumino suka tsara a 1974. Ita cewa ta yi kowace ƙwayar zarra da aka sani tana da ɗan tagwai mai nauyi da ba a gano ba tukuna. Mafi sauƙin nauyi a cikinsu, watau niyutiralino, ba ya ruɓewa, don haka ake zargin shi ne ɓoyayyen nan.

To, mafarauta sun kasu biyu. Kashi na farko sun shiga wani tsohon ramin haƙar zinariya a Dakota ta Kudu, Amurka, zurfin wajen kilomita 1.5, suka ajiye tan 7 na ruwan zinon suna jiran ƙwayar ta bangaji ɗaya daga cikin zarrarsa. Wannan shi ne gwajin LZ, wanda ya ba da sakamakonsa na farko a 2022, ba tare da ya ga kome ba.

Kashi na biyu suna cibiyar CERN kusa da Janiba, inda injin da kewayensa ya kai kilomita 27 yake gwara ƙwayoyi. Su abin da suke ƙirgawa shi ne sau nawa wata ƙwaya mai suna Bs take rikiɗewa ta zama miyon biyu. Abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai: a lissafin da aka saba, sau 3 zuwa 4 ne kacal cikin biliyan ɗaya.

Mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada? Ai dillalinsu ɗaya ne. Ka'idar tagwaye ta ce ƙwayoyin Higgs 5 ne, ba ɗaya ba, kuma masu nauyin cikinsu su ne za su iya haɗa niyutiralino da zinon, su ne kuma za su hanzarta rikiɗewar Bs. Akwai wani adadi da ake kira tan beta mai iko da duka biyun. Idan yana da girma aka ninka shi biyu, bangazar cikin rami ta wannan hanya takan ninku kamar sau 4, amma gudummawar tagwaye ga rikiɗewar sai ta ninku kamar sau 64.

A watan Nuwamba 2012 gwajin LHCb ya ga alamar rikiɗewar, a 2015 kuma shi da CMS suka tabbatar da ita, aka tarar ta yi kusa da tsohon lissafi. Nan take wani babban yanki na ka'idar ya rushe, musamman inda tan beta yake da girma, ƙarin Higgs ɗin kuma ba su da nauyi sosai. Wannan yanki kuwa yana cikin inda masu jira a rami suka fi sa ran kamu da wuri.

Ka'idar dai ba ta mutu ba, sai dai filinta ya ƙuntata. Duk wanda ya ce ya ga niyutiralino a cikin zinon yanzu, tilas lissafinsa ya dace da ƙidayar Janiba kafin a saurare shi.