Me ya sa yawancin Kiristoci ba sa bin dokokin Attaura?

Duk wanda ya tashi a zango, ko a Kumasi ko a Yawunde, ya san tambayar nan: tunda Kiristoci sun yarda da Annabi Musa (AS), me ya sa da yawansu ke cin naman alade? Amsar tana cikin wata muhawara da ta kusa shekara 2,000.

Tushen maganar shi ne aƙidarsu game da Annabi Isa (AS), wanda suke kira Yesu. Sun yi imani cewa a cikinsa Allah ya zama mutum. Taron manyan limamansu a Nikiya, shekarar 325, ya ce zatinsa ɗaya ne da na Allah. Taron Kalsidon na 451 ya ƙara da cewa shi cikakken Allah ne, kuma cikakken mutum.

To, ina ruwan wannan da alade? Mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne masu bin Attaura. Da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shigowa, sai gardama ta tashi: dole ne a yi musu kaciya, su bi dokokin abinci? Wajen shekarar 50 aka zauna a Urushalima, wato Ƙudus, aka yanke cewa ba dole ba ne. An dai ce su guji zina, da jini, da naman dabbar da aka shaƙe, da abin da aka yanka wa gumaka.

Hujjar Bulus, jagoran wannan ra'ayi, ita ce: ɗan Adam ba zai iya cika doka ba, shi ya sa Allah da kansa ya zo ya ɗauke masa nauyin. Ceto kyauta ne, wanda suke kira alheri.

Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Matsayin aikin kirki a wajen ceto na cikin abin da ya raba Martin Luther da cocin Katolika daga 1517, sai a 1999 Katolika da mabiyansa suka sa hannu kan matsaya ɗaya a birnin Augsburg na Jamus. Kiristocin Otodoks na Habasha kuwa har gobe suna kaciya, ba sa cin alade.

A Musulunci Isa bawan Allah ne kuma manzonSa, shari'a kuma tana nan daram, ko da yake Aljanna sai da rahamar Allah. Saboda haka maƙwabcin da ba ya bin Attaura, a nasa ganin ba sakaci yake yi ba, aƙida yake bi. Wanda ya san haka, in hira ta biyo ta kan addini, zai san ainihin inda saɓanin yake.